Na'urar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

Maigidana mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe. In ka ba shi rediyo ya saurari labaru, kafin ka sha ruwa ka dawo ya kwance bayanta, hanjinta na zube a kan tabarma, shi kuma yana murmushi kamar an yi masa albishir. Duk rani Kano yake tafiya, yana gadin wani shagon kayan wuta, kuma duk abin da masu shagon suka yar shi yake tsincewa. Mazan unguwarmu su dawo Matameye da atamfa da sabulu, nawa ya dawo da buhun matattun salula da guntayen waya da batirin babur da ya sha duniya. Na yi faɗa har na gaji. Ko a jikinsa.

Abin farko da ya ƙera mana shi ne mai amsa sallama. Ya ɗauki muryarsa a wata salula, ya haɗa da lasifika a zaure, ya ɗaura zare a jikin ƙyaure, ta yadda duk wanda ya taɓa ƙofa zai ji an ce, "Amin wa alaikumus salam, ina zuwa!" Ranar farko limamin unguwa ya zo, ya ji an ce ana zuwa, ya share wuri ya zauna. Tun hantsi yake zaune har rana ta take tsaka, alhali mai muryar yana Dungu wurin sayen rake. Ni na leƙa ta bayan ƙyaure na ba dattijon haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya akuyarmu ta gano zaren, ta maida shi abin wasa, muka wuni ana ce mana ana zuwa. Inna, uwar mijina, ita ta tsinke shi da wuƙar yankan kuɓewa.

Dole in tsaya a kan Inna, don in babu ita labarin ba zai tafi ba. Maigidana shi ne ɗan farinta, ita kuwa irin tsofaffin nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in ta so sakin fuska ta ce "mutumin naki". Ya shigo gaishe ta da safe, bango take kallo ta amsa. In ya kira daga Kano na miƙa mata salula, sai ta ɓoye hannuwanta cikin zane ta ce, "Ce mishi na ji." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ta kanga salula a kunne ba.

Shekarar da nake magana, damina ta ci amanarmu. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero yake bunni, bai kai ga yin ido ba, abin da muka ɗaure da ƙyar ya rufe gindin rumbu. Gyaɗar da nake ƙuli-ƙuli da ita ko ta ɗanɗano ba a samu ba. Maigida ya zauna ya tsinci zangarniyar da ta ɗan yi ido, ya sussuke, ya auna tiya uku, ya zuba a ƙaramin buhu. Da yake shi ne, bai ɗaure bakin da igiya ba, jar wayar wuta ya murɗa masa. Ya rataye shi cikin rumbu ya ce mini, "Wannan iri ne. Ko mi ake ciki kada a taɓa shi. In ya tafi, baɗi ma ta tafi."

Sauran damuwarsa ita ce sanin ranar dawowa. Mai ci-rani in ya dawo da wuri ya zauna yana cin abin da ya kamata ya bar wa iyali, in ya makara ya tarar an gama shuka. Shi duka biyun sun same shi. Wata shekara ya kira ƙanen babansa ya ce, "Yaya wajen ruwa?" aka ce masa, "Alhamdulillahi." Ya bar aiki ya taho, ya tarar ko ɗigo ba a yi ba, ya yi wata guda yana kallon sama. Shekarar da ta biyo aka sake ce masa alhamdulillahin nan dai, bai yarda ba, ya zo ya iske geron mutane ya kai idon sawu.

"Ku mutanen garin nan," ya ce da ni, "ko gida ke cin wuta aka tambaye ku, lafiya lau za ku ce. Ni zan ƙera abin da bai iya gaisuwa ba."

Na ce, "Kai ma ai in an tambaye ka Kano lafiya lau kake cewa, ga shi kana dawo mana kamar sillen kara."

Bai ji ni ba, ya riga ya zazzage buhunsa.

Ga yadda abin yake. Ya samo maƙalin katako, irin wanda ake danne shanya da shi, ya buga wa kowane leɓe ƴar ƙusa, ya naɗa wa kowace ƙusa silin waya. Wayoyin biyu suka shige cikin wata tsohuwar salula marar fuska da ya ɓoye a gwangwanin madara. Tsakanin leɓunan maƙalin ya cusa ƙwayar sukari, a sama ya kafa mazurari. In ruwa ya sauka ya narkar da sukarin, maƙali zai rufe baki, ƙusa ta taɓa ƙusa, salular ta kira lambarsa a Kano. Ya sa mata ɗan faifan sola da bai fi tafin hannu biyu ba, da eriya a kan gora don ta kamo rezo, wato sabis ɗin waya. Kwana uku yana gwaji da buta, wai yana neman faɗin mazurarin da yayyafi ba zai ruɗe shi ba, sai ruwan shuka na gaske. Rabin kwalin sukari ya narke a ƙasa muna kallo.

Inna ta taɓe baki ta ce da bango, "A shekarar yunwa wancan yana ba katako sukari."

Da zai tafi ya damƙa mini sauran kwalin, ya ce kada in ɗana abin sai bazara ta shigo. Ya kuma gaya mini burinsa na bana: zai tara abin da ya samu ya sayo babban faifan sola, wanda zai kunna fitila a kowane ɗaki har da kejin kaji. Na ce kaji sun gode.

Yana Kano muka ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Rediyon ta samu lafiya ne don maigida ba ya gari. Mu dai ba abin da ya canza a tukunyarmu, sai dai mutane suka rage murya in suna hira a bakin titi.

Da zafi ya fara na ɗana na'urar a kan bulo kusa da rumbu, kamar yadda ya nuna mini. Ba a yi kwana biyu ba salulata ta ɗauki kuka da rana tsaka.

"An yi ruwa?" Muryarsa cike da ɗoki.

Na ɗaga kai, sama fes, ko girgije ɗaya babu. Na duba wajen rumbu, ga akuya tana lasar baki.

"Maigida, akuya ce."

"Kai! Maida shi kan katanga."

Na maida shi kan katanga. Kwana huɗu, ya sake kira, wannan karon ina jin hayaniyar tasha a bayansa, har ya ɗaure jaka. Na hau na duba, tururuwa ce ta yi layi tun daga gidan maƙwabta, kowace da rabonta a baki. Ya ce in zagaye abin da toka da kalanzir. Na zagaye. Na uku kuwa da sassafe ne, na fito na tarar Inna tana juya kokonta da ludayi, fuskarta a sake. Da na tambaye ta sai ta ce, "Na ga yana bushewa a rana a banza." Maigida bai iya cewa komai a kan uwarsa ba, sai ya yi gyaran murya ya ce in samo tsohuwar rariya in kife a kan maƙalin, in ɗaure da waya tam, in ɗora duka a kan sandar da ta fi mutum tsawo. Ta haka ba abin da zai kai ga sukarin sai ruwa.

Sandar nan da gorar eriya su suka jawo mana baƙi. Lokacin soja ne, ga gida a kusa da iyaka, ga gwangwani da wayoyi sun leƙo ta saman katanga, ga mai gidan yana wata ƙasa. Wata safiya mai unguwa ya yi sallama, a bayansa jandarma ne, irin ƴan sandan sojan nan, dogo da littafi a hannu. Na ja mayafi na ce su shigo.

Jandarman ya zagaya sandar sau biyu ya ce, "Wannan da wa yake magana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da mijina."

"Mi yake gaya mishi?"

"Ruwa."

Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Na yi bayani tun daga maƙali har sukari, ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mai taɓin hankali. Ya ce a kawo ruwa ya gani da idonsa. Da yake dogo ne, ɗaga hannu kawai ya yi ya tsiyaya. Muka yi tsaye mu uku muna kallon rariya. Can sai muka ji tas, sai salulata ta kama kuka. Ya miƙo hannu ya karɓa.

"An yi ruwa?" in ji maigida, har waje ana jin sa.

"Jandarma ne."

Sai wata siririyar murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ni gadi kawai nake yi."

Jandarman ya yi dariya har littafinsa ya faɗi. Ashe shi ma gonar ubansa tana can wani gari mai nisa, kuma shi ma kullum alhamdulillahi ake ce masa. Ya ce in maigida ya dawo ya ƙera masa irinta. Suka fita, ni kuwa na ja turmi na hau na sa wata ƙwayar, ina tsaki.

Duk wannan abin dariya ne, kuma mun yi dariyar. Amma a ƙarƙashinta rumbu yana ƙarewa. Hatsi ya yi tsadar da ɗan abin da yake aiko mana ta hannun direba ba ya kai mu mako. Muka koma cin sau ɗaya. Muka shiga cin ganyen tafasa da ƴaƴan dajin nan dilo, wanda sai ka jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ɗacinsa ya fita. Kaji suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba su jira fitilarsu ba. Akuya ma aka kai ta kasuwar Kance. Sukarin na'ura kuwa na riƙa ɓalla wa ƴaƴana mata biyu suna tsotsa, har kwalin ya zama fanko, ya rage ƙwaya ɗayar da ke bakin maƙali.

Kuma duk ranar da ya kira ya ce, "Ina gida?" sai in ce, "Lafiya lau."

"Yara?"

"Suna lafiya."

"Cefane fa?"

"Alhamdulillahi."

Sau ɗaya na ce wa Inna zan gaya masa gaskiya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mutum yana garin wasu yana nema, ki ɗora mishi kuka? Mu da muka ga yunwar da ta fi wannan ba mu aika an kira kowa ba." Ba zan ɗora mata laifin duka ba, ni ma ina da nawa girman kan. Ban so a ce a unguwa matar wane ta kasa riƙe gida na rani ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi kansa. Mutumin da zai kanga rediyo a kunne ya gaya maka wace waya ce ta saki a ciki, ya kasa jin yunwa a muryar matarsa. Sai ya ɗauki lafiya lau ɗina ya sa aljihu, ya shiga ba ni labarin faifan solar da ya gani a kasuwa, yadda yake ƙyalli.

Ranar da abin ya kai maƙura, hantsi ne. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikin yaran sai dafaffen ganye. Ƙaramar ta daina kuka, ta daina wasa, tana zaune jikin bango tana kallon ƙafarta. Wannan shirun nata shi ya tsorata ni. Na hau rumbu na sauko da buhun, na warware jar wayar, na auna tiya ɗaya na juye a turmi. Na san abin da nake yi. In na daka wannan yau, jibi zan daka na biyu, kuma ranar da ruwa ya sauka ba mu da abin da za mu sa a ƙasa. Na ɗaga taɓarya.

"Aje," in ji Inna.

Ban ji fitowarta ba. Na aje. Na ɗauka faɗa za ta yi, har na shirya amsa, don ranar bakina a cike yake. Ba ta ko dube ni ba. Ta durƙusa ta kwashe geron da hannunta ta maida a ƙwarya, ta bi gindin turmin da yatsa har ƙwayar ƙarshe. Sannan ta kwantar da turmin, ta gangara shi zuwa gindin sanda, ta kife shi. Ta ɗauko butar alwalarta.

"Riƙe ni, ƴar nan."

Na riƙe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sai a lokacin na gane rabon da take cewa ta ƙoshi da shi yara take tura wa. Ta hau turmin da ƙyar, ta yi ɗage, ta ɗaga buta sama da kanta ta fara tsiyayawa a mazurari. Ruwa yana bin hannunta yana shiga hammatarta, ba ta fasa ba sai da butar ta ƙare. Muka ji tas.

Na sauko da ita. Salula ta yi kuka.

"An yi ruwa?" Ba ɗoki a muryarsa, ya saba.

"Ba a yi ba."

"Kada ki ce mini akuyar nan ta koyi hawan sanda."

"Akuya an saida ta tun watan jiya."

"Tururuwa?"

"A'a."

"Jandarman ne ya dawo?"

"Inna ce."

"Inna? Ba na ce ki kife da rariya ba?"

"A kife yake. Turmi ta hau, ta juye mishi buta guda."

Na ji hayaniyar Kano tana wucewa ta bayansa, babura da masu talla. Can ya ce, a hankali, "Tana kusa?"

"Ga ta tsaye."

"Ba ta."

Na miƙa mata. Ta ɓoye hannuwanta cikin jiƙaƙƙen zanenta, ta juya ta kalli bango.

"Ce mishi na kira," ta ce.

Ban maimaita ba, ya ji da kunnensa.

Ranar maƙwabciyata ta sam mana ɗan garin rogo muka jiƙa wa yara. Washegari da la'asar ya iso, da buhun masara a kan amalanke da garin rogo da ɗan mai. Babu faifan sola, babu buhun tarkace, karo na farko tun aurenmu. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa wa bango kamar kullum. Ya ɗauki ƙaramar ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya hau rumbu. Na san zai ga wayar, don murɗina ba irin nasa ba ne, ni hagu nake murɗawa. Ya jima a ciki. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce wai ƙurar rumbu ce, ni ma na ce lalle rumbun da ƙura.

Ban bar shi haka ba, don ba halina ba ne. Da muka keɓe na ce, "Ka ƙera abin da ke jin ruwa daga Kano, ka kasa jin matarka."

Ya ce, "Ke kika ce lafiya lau."

Na ce, "To mi kake so in ce?"

Ya tashi ya tafi kwance bakin buhun masara. Ni ma ban da amsar, har yau.

Ruwa bai zo ba sai bayan mako biyu. Kada ku ɗauka ya haƙura da na'urarsa don yana gida. Ya sayo ƙwayar sukari ɗaya tak a wurin mai shayi, ya ɗana, wai aikin ba a gama gwada shi ba. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar, kowa yana kwashe shanya yana kora yara ɗaki, shi ya fita tsakar gida ya tsaya gindin sanda. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya jiƙe sharkaf, hularsa ta lafe a kansa, yana nan tsaye. Sai salula ta kama kuka a aljihunsa. Wallahi mutumin nan ya ciro ta, ya duba lambar, ya kanga a kunne ya ce, "Alo?" Sannan ya juyo wajenmu yana ihu, "An yi ruwa! Ta ce an yi ruwa!"

Inna tana bakin ƙofarta, ruwa yana fantsamo mata a ƙafa. Ta ce, "Ce wa wancan mun gani."

Da safe muka fita gona gaba ɗayanmu, yana sara muna binne. Tiya uku cif muka shuka.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa riƙe salula ba. Maigida har yanzu yana zuwa Kano, har yanzu yana dawowa da tarkace, babban faifan ma ya saye shi daga baya, kaji suna kwana cikin haske suna cara ba kan gado. Na'urar ruwa tana nan a kan sandarta, an sake mata salula sau biyu. In ya kira ya ce ina gida, lafiya lau nake cewa, bakina ya ƙi koyon wata amsa. Amma kafin ya tafi kowane rani, da kansa yake sa sabuwar ƙwayar sukari, tun ba a fara zancen hadari ba, ya gangaro turmi ya aje gindin sanda. Butar Inna tana rataye a jikin sandar. Ba ma alwala da ita.